Awa Ɗaya a Gidan Iya Tome

Da safiyar Talata aka bugo waya caji ofis na garin Hinosawa, aka ce an tsinci wata mata kwance a bayan gidanta, ƙanƙara ta rufe ta har kafaɗa.

Ba wanda ya razana. A duwatsunmu na arewacin Japan hunturu ba ya ƙarewa sai wani ya faɗo daga kan rufi wajen kwashe dusar ƙanƙara. An saba, har an daina tambaya.

Sufeto Kagaya ne ya tafi, shi da Sajan Funaki. Shi dattijo ne, gajere, gwiwa na damunsa, ritaya na leƙensa. Ita mace ce mai ƙarfin jiki da saurin baki, ita ke tuƙa motar.

Sun sami ƙanen mamaciyar, Junpei, tsaye a tsakar gida ba hula, kunnuwansa sun yi ja.

"Sannu da haƙuri," in ji Sufeto. "Yayarka ce?"

"Yayata ce, Yallaɓai. Michiyo Hosaka. Nas ce a asibitin Dakta Ubukata. Shinkafa na kawo mata, na buga ƙofa shiru, na zagayo."

Gawar tana gindin bango. An sa takalman roba, an sa rigar sanyi. Ƙeyar ta fashe. Ga tsani jingine da rufi, ga shebur a gefe.

Ba a jima ba wata farar mota ta tsaya. Dakta Ubukata ya fito da baƙar jakarsa, dogo, fes da shi. Shi kaɗai ne likitan da ke bin marasa lafiya gida-gida a duk ƙauyukan kwarin, shi ne kuma 'yan sanda ke kira in an sami gawa. Ya durƙusa, ya duba ta, sannan ya cire tabarau ya share ido.

"Faɗuwa ce," in ji shi. "Tun jiya da yamma, kafin rana ta faɗi. Haba Michiyo, me ya kai ki?"

"Abin da nake tambaya ke nan, Likita," in ji Junpei. "Ita da take zagin mutane in sun hau rufi su kaɗai? Ni ma ta taɓa kwashe tsani ta bar ni a sama don in ji a jikina."

Likita ya dafa kafaɗarsa, ya ce zai rubuta takardar mutuwa kafin rana ta take, ya tafi.

Sufeto bai bi shi da kallo ba. Tsanin yake kallo.

"Funaki, in babanki zai hau rufi, ta ina yake jingina tsani?"

"Ta fuskar gida mana, inda rufin ya yi tsini. Wane mahaukaci ne zai jingina ta gangare? Ƙanƙarar ta zamo ta tafi da kai da tsanin gaba ɗa..."

Ta waiwaya ta duba. Tsanin Michiyo ta gangare yake.

"Sheburin fa?"

Sajan ta ɗaga shi. Mai faɗi ne na roba, irin wanda ake tura ƙanƙarar ƙofar gida. Na ƙarfe, mai yanka ƙanƙarar rufi, yana nan rataye a bangon rumfa, a bushe.

"Matar da aka haifa a kwarin nan ba ta yin wannan kuskure ko a buge take," in ji Sufeto. "Wanda ya jera kayan nan ya sha ganin ana hawa rufi, amma bai taɓa hawa ba."

Da suka koma ofis, shugaban caji ofis ya saurare su yana jujjuya biro.

"Kagaya, tsani ne ya faɗa maka? Likita ya ce haɗari. Dangi sun tsayar da jibi da safe za a ƙona gawa, kamar yadda al'adarmu take. In kana so a tura ta birni a yanka a bincika, kawo mini dalilin da zan iya faɗa ba a yi mini dariya ba."

"Yallaɓai, in aka ƙona ta, shi ke nan."

"To ka yi sauri. Kuma ka bi a hankali. Uwata ma shi ke duba ta."

Suna fitowa suka ci karo da Junpei a bakin kanta. Ya zo neman shawara. Ana buƙatar hatimin yayarsa don rufe wasu al'amura, don a nan hatimi shi ne sa hannun mutum, ya birkice gidan bai gan shi ba.

"Ɗan ƙarami ne na katako, cikin jan kube. Ba ta rabuwa da shi."

"Kwanan nan ta yi maka wani ƙorafi?" in ji Sufeto.

"Mako guda ke nan ba ta zuwa aiki. Na ce Yaya, lafiya? Ta ce wai awa ɗaya ce ta ishe ta. Na ɗauka tsufa ne, na ce ta sha magani, ai a cikinsa take kwana. Ta jefe ni da cokali."

"Awa ɗaya," in ji Sufeto a hankali.

Asibitin Ubukata gida ne mai bene ɗaya kusa da gada. A ɗakin lissafi suka sami Malama Shibue, wadda ke haɗa takardun neman biya daga inshora. Siririya ce, ta kusa sittin, tarin fayil ya kusa ɓoye ta.

"Aiki ya yi yawa, Malama," in ji Sajan.

"Masu binciken inshora ne za su zo mako mai zuwa. Abin da aka saba ne, ba wani abu ba."

"Me ya hana Michiyo zuwa aiki?" in ji Sufeto.

"Mura."

"Ƙanenta ya ce awa ɗaya ce ta ishe ta. Wace awa ce?"

Malama Shibue ta gyara tabarau. "Ban san abin da take nufi ba. Sai dai ko ƙa'idar ziyara."

"Koya mini. Ni ɗan sanda ne, kaina a daskare yake."

Ta yi bayani da sauri, kamar mai son a wuce wurin. Idan likita ya je gidan marar lafiya, akwai lambar da ake sa wa ziyarar, kuma lamba ɗaya ce ko ya leƙa ya fito ko ya cika awa. Idan ya wuce awa ɗaya, kowane rabin awa da ya ƙaru yana da tasa lambar, inshora ta ƙara biya. Lokacin tafiya a hanya ba ya shiga, zaman shan shayi ba ya shiga. Sai lokacin da ake duba marar lafiya, kuma dole a rubuta dalilin daɗewar.

"Wa ke shaida ya daɗe?"

"A nan, nas ɗin da ta raka shi take buga hatimi."

"Michiyo ke nan."

"Ita ce."

Sufeto ya kalli hannunta. Akwai jar tawada a gefen babban yatsanta da bakin hannun rigarta. Ta ga ya gani, ta maida hannun ƙarƙashin tebur.

Dakta Ubukata ya karɓe su a ofishinsa da fara'a ta mai makoki. Ya ce su zauna, shi ya tsaya bakin taga.

"Likita, ka yafe, tambaya ce ta aiki. Jiya da yamma ina kake?"

"Ai gara ka tambaya, Sufeto. Ina can saman dutse, gidan Iya Tome. Tun bayan abincin rana har duhu ya fara. Numfashinta ne ya tsananta, na zauna da ita. Yana rubuce."

"Kai kaɗai?"

"Michiyo ba lafiya, sai ni kaɗai."

"Iya Tome za ta tuna?"

Likita ya yi murmushin tausayi. "Tana gab da casa'in. Wani lokaci mijinta take kira na, shi kuwa ya daɗe a ƙasa. Amma tana sona, baiwar Allah. Shekara biyu ke nan duk mako ina wurinta. Har silifa ta saya mini tawa ta kaina, ruwan toka. Da na shigo za ta jera mini su a zaure."

"Kai haifaffen nan ne, Likita?"

"A'a, Tokyo. Amma na zama naku."

A mota Sajan Funaki ta kunna inji ta ce, "Yallaɓai, kowa ya san mutumin nan. Ana cewa in ya shiga gida sai ya manta da agogo."

"Gidanku ya taɓa mantawa?"

"Gidanmu dai a'a, kakata sauri yake mata. Amma an ce gidan su..."

"An ce."

Haka abin yake kuwa. Duk kwarin ana yabon zaman Dakta Ubukata, amma in ka bi mutum ɗaya-ɗaya, kowa gidan maƙwabcinsa yake ba da labari. Babu mai son ya zama shi kaɗai ne ba a zauna masa ba, sai ya yi shiru ya taya yabo.

Gidan Iya Tome shi ne na ƙarshe kafin daji. Ta buɗe musu ƙofa a duƙe, 'yar mitsitsiya, da gyale har biyu a wuya.

"Mai kananzir ne? Ka makara, ɗan banza, kuma bara ka cuce ni."

"'Yan sanda ne, Iya."

"To ai duk ɗaya. Ku shigo, kuna shigo mini da sanyi."

Suka cire takalma a zaure. Katakon gidan irin na da ne, in ka taka da safa kaɗai a hunturu sanyin sai ya hau maka har haƙori. Iya ta jawo wa Sajan wasu silifa da suka sha jiki.

"Waɗannan na Michiyo ne, ara miki na yi. Kai kuma ga na marigayi mijina."

A gefe, kan 'yar kanta, ga wasu ruwan toka a jere, fes. Sufeto ya miƙa hannu.

Ta buge masa hannu. "Kul! Na likita ne. Kai wa ya san inda ƙafarka ta taka?"

Ta kai su ɗakin ciki, ta zuba shayi, ta turo musu kabeji mai tsami. Sufeto ya sha ya ci, don ya san babu maganar da za ta fito kafin kofi na biyu.

"Iya, likita ya zo jiya?"

"Ya zo. Ya miƙo magani. Na ɗora ruwa, kafin ya tafasa na ji ƙarar mota."

"Bai shigo ba?"

"Shigowa? Wannan? Kamar mai kawo wasiƙa yake. Ya tsaya a zaure da takalmansa, 'Iya, ya jiki? Madalla.' Michiyo ce mai shigowa, ta auna ni, ta yanke mini farce, shi yana mota yana danna mata oda. Ina Michiyo ɗin ma? Ta ce za ta kawo mini allura da zare."

Sajan ta sunkuyar da kai.

"Wace rana ce yau, Iya?" in ji Sufeto.

"Lahadi. Ko Juma'a. Kai da kake saye da agogo, ni kake tambaya?"

Da za su tafi, Iya ta koma ɗauko musu ragowar kabejin. Sufeto ya durƙusa gaban kantar zaure, ya kama silifar likita guda ɗaya ya ɗaga. Ɗayar ta biyo ta.

Wani siririn zaren roba ne ya haɗa su ta dunduniya, irin wanda kanti ke ɗaurewa kada a raba ƙafa biyu. Fari ne, in kana tsaye ba ka ganinsa. Ƙasan silifan ko ƙura babu.

Ya maida su yadda suke, a jere.

Washegari da safe suka tare Malama Shibue a bakin gada kafin ta shiga asibiti. Sajan ta buɗe mata ƙofar mota, ta shiga ba musu.

"Malama, tawada takan yi kwana nawa ba ta bushe ba?" in ji Sufeto.

"Ban gane ba."

"Kin gane. Fayil na bara da na bana kike jerawa. Hatimin da aka buga bara ba ya ɓata yatsa. Naki ya ɓaci jiya."

"Nawa hatimin ne na..."

"Naki baƙar tawada kike sa masa, na gani a kan teburinki. Kuma Michiyo ba mura take ba. Gobe da safe za a ƙona ta, Malama. Shekara nawa kuna cin abincin rana tebur ɗaya?"

Malama Shibue ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Ni abin da aka ba ni nake sa wa lamba, Yallaɓai. Ya rubuta awa biyu, in sa ta awa biyu. Ba ni ke zuwa gidajen ba."

"Na yarda. Michiyo fa?"

"Tun damina ta daina bugawa. Ta ce ba za ta ƙara shaida zaman da ba ta gani ba. Takardu suka taru babu hatimi. Da aka ce masu bincike za su zo, ya roƙe ta, ya yi mata tsawa, ya ce za ta rufe asibitin da hannunta. Ta ce in sun tambaye ta gaskiya za ta faɗa. Ta ɗauki jakarta ta tafi gida."

"Sai kuma?"

"Jiya da na zo, na tarar da rabin takardun a kan teburina, an bubbuga. Na taɓa, ya kama mini hannu. Na ce a raina to, sun shirya. Sai ga waya wai ta mutu tun shekaranjiya." Ta fashe da kuka. "Ina da uwa a kwance, Yallaɓai. In asibitin nan ya rufe, ina zan kai ta?"

"Rabi kika ce. Sauran rabin fa?"

"Ba a buga ba tukuna."

Sufeto ya kalli Sajan. "To bai jefar da hatimin ba."

Shugaban caji ofis ya ji duka, ya girgiza kai.

"Ma'aikaciya mai tsoro da tsohuwar da ba ta san ranar mako ba. Lauyan likita zai cinye su kafin ya gama shan shayi. Zai ce Michiyo ce ta aiko masa da hatimin. Takardarsa ta ce yana saman dutse, kai me taka ta ce?"

"Ba ni zuwa yamma, Yallaɓai."

"Zuwa yamma. In ba ka kawo komai ba, da hannuna zan sa a saki gawar."

Sufeto ya buga wa likita waya da kansa. Ya ce abu kaɗan ya rage a rufe fayil, shugaba ne mai naci, yana so a ga ɗakin da aka zauna. Minti kaɗan ne. Likita ya ce ba damuwa, dama hanyarsa ce.

Rana ta karkata lokacin da farar motar ta hau dutsen. Sufeto da Sajan suna ciki, tsaye a kan dakalin zaure. Iya Tome da ta ji muryar likita ta taho da sauri har tana tuntuɓe da gyalenta. Ta ɗauko silifan ruwan toka da hannu biyu, ta jera su a bakin dakali, kamar yadda take yi duk mako.

"Iya, ya jiki?" in ji likita.

"Da sauƙi, Likita. Yau ma sauri kake?"

"Yau shigowa zai yi, Iya," in ji Sufeto. "Shigo mana, Likita. Ai kai ɗan gida ne, kai za ka yi mana jagora."

Dakta Ubukata ya ajiye jakarsa a kan dakali. Ya kwance igiyar takalmansa a natse, ya juya su suka fuskanci ƙofa. Ya hau, ya zura ƙafar dama, ya zura ta hagu, ya yi murmushi, ya ɗaga ƙafa zai taka.

Zaren ya riƙe shi. Ya tafi gaba ɗaya, ya dafe bango da hannu biyu, tabaransa ya faɗi ƙasa.

Ba wanda ya yi motsi.

"Wayyo ni!" in ji Iya Tome. "Ban yanke ba ashe! Tun ranar da na sayo nake cewa in ka zo sawa sai in yanke. Yarinya, miƙo almakashi."

"Bar shi tukuna, Iya," in ji Sufeto. Ya tsuguna da ƙyar, ya ɗauki tabaran ya miƙa wa likita. "Shekara biyu, duk mako, fiye da awa ɗaya. Da tsalle kake shiga, Likita?"

"Wasu nake sawa. Na manta ne."

"Kai ka ce mini ruwan toka. To a bar silifa. Wane ɗaki ne kuke zama? Ga ƙofofi uku, nuna mana."

Likita ya kalli ƙofofin. Ya nuna ta dama.

"Ɗakin gawayi ne wannan, ɗana," in ji Iya. "Me za ka yi a ciki?"

"Shekaranjiya ba ka nan," in ji Sufeto bayan Iya ta shige ciki neman almakashi, muryarsa ta sauka. "Ka miƙa magani ka juya. Ka rubuta doguwar ziyara kamar yadda ka saba, don ta zama maka mafaka. Michiyo ta ƙi ba ka hatimi, amma jiya an wayi gari an buga shi. Saura rabi, don haka yana tare da kai. Buɗe jakar, ko mu jira takardar kotu muna shan shayin Iya. Ni ba na sauri."

Likita ya daɗe yana kallon jakar. Sannan ya zauna a bakin dakalin, ƙafafunsa a haɗe cikin silifan, ya buɗe. A aljihun ciki, bayan na'urar auna jini, ga jan kube.

Sajan ta sa safar hannu ta ɗauka.

"Ban je don in kashe ta ba," in ji shi. "Roƙo na je yi. Na ce Michiyo, kin san abin da ake biyan ziyara, kin san nisan ƙauyukan nan. Man mota, tayoyin ƙanƙara, albashinku. In na zauna awa guda a kowane gida, rabin mutanen nan ba za su ga likita ba. In ban sa lambar ba, asibitin ya mutu. Wanda ya rubuta ƙa'idar nan bai taɓa hawa dutse a hunturu ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce in je in faɗa musu haka, ita za ta raka ni. Ta ce amma kada in ƙara karɓar ladan zaman da tsofaffi suke ta jira ban yi ba." Ya kalli kuben. "Hatimin yana kan tebur. Na ɗauka, ta riƙe mini hannu, na fizge. Ta tafi da baya, kanta ya bugi bakin murhun ƙarfe. Na duba ta. Ni likita ne, na san abin da na gani."

"Ka kira motar asibiti?"

Likita ya kawar da kai.

"Tana numfashi lokacin da ka sa mata takalma, Likita?"

Ya rufe fuska da tafukansa. Sajan Funaki ta juya baya, ta fita waje ta buga wa shugaba waya, ta ce a tsayar da gawar.

Ƙila abin da ya faɗa game da ƙa'idar gaskiya ne. Ƙa'idoji da yawa a ɗaki mai ɗumi ake rubuta su. Amma wannan gardama ce da ake yi da baki, a gaban masu ƙa'idar, kuma wadda ta ce za ta raka shi ya yi ta ita ce ya shimfiɗe a cikin ƙanƙara.

Motar da za ta ɗauke shi ta daɗe ba ta iso ba, don hanya ta toshe a ƙasan dutse sai da aka share. Sanyi ya hana zaman zaure. Iya Tome ta kawo almakashi, ta tsuguna, ta yanke zaren da kanta bayan Sajan ta ɗauki hoto. Ta ja likita ta hannun riga har ɗakin ciki, ta ba shi matashin zama mafi kyau, ta zuba masa shayi, ta turo kabeji.

"Ci, Likita. Ka rame. Michiyo ba ta kula da kai ne?"

Ya riƙe kofin da hannu biyu, bai sha ba. Ta ba shi labarin ƙirjinta da ke mata nauyi da asuba, da ƙafarta da ke kumbura, abubuwan da ta daɗe tana tarawa. Ya saurara, don babu inda za shi.

Da motar ta iso, Sufeto ya taɓa kafaɗarsa, ya yi ƙasa da murya don kada Iya ta ji. "Dakta Ubukata, na kama ka da laifin kashe Michiyo Hosaka. Tashi mu je."

A zaure ya cire silifan, ya sa takalmansa, aka sa masa ankwa. Sajan ta sa silifan cikin leda.

"Ina za ki kai su?" in ji Iya. "Na likita ne!"

"Aro ne, Iya. Za a dawo da su."

"Mako mai zuwa wa zai zo duba ni?"

Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa. Babu wani likita a kwarin, kuma ya san haka tun kafin ya hau dutsen.

"Zan leƙo, Iya," in ji shi.

"Kai? Me ka iya?" Ta leƙa ta bayansa, tana kallon farar motar da aka bari da kuma wadda ke sauka da likita. Fuskarta ta washe. "Amma ka gani ko? Na sha faɗa wa Michiyo. Yau dai ya zauna."